Littafi uku, tambaya guda: wa ya ci amana?

Ƙagaggen labari iri-iri ne: akwai na tarihi, akwai na siyasa da shari'a, akwai na soyayya da zaman gida. Amma mudu guda ya isa a auna su duka: wa littafin ya tuhuma, kuma mene ne kusancinsa da mai karatu?

Na farko shi ne "Sarraounia" na Abdullahi Mamani, wanda ya fito cikin Faransanci a 1980. Labarin Sarauniya Mangu ne ta Lugu, wajen Dogon Dutsi, wadda ta tari rundunar kaftin Vule a 1899. Alƙalamin Mamani yana da zafi, kuma bai ɓoye cewa cikin sarakunan ƙasa akwai waɗanda suka miƙa wa Nasara hannu ba. Sai dai Sarauniyarsa ba ta da aibi ko kaɗan, babban mugu kuwa baƙo ne daga ƙetaren teku. Mai karatu yakan rufe littafin da alfahari, ya kwana lafiya, don ba shi aka tuhuma ba.

Na biyu ya fi matsowa kusa. "Quinze ans, ça suffit!" na ɗan jarida Amadu Usman ya fito a 1977, shekara uku bayan juyin mulkin 15 ga Afrilu 1974, raɗaɗin fari da yunwa bai gama hucewa ba. Batunsa abincin taimako ne da manya suka karkatar, da shari'ar da ta biyo baya. A nan ɓarawon ɗan ƙasa ne, mai buro da sa hannu. Rauninsa guda: a zamanin soja aka buga shi, laifin da ya tona kuma na mulkin da ya faɗi ne. Bugun wanda ya riga ya faɗi ba ya buƙatar jarumtaka mai yawa.

Na uku shi ne wanda ƴan lise suka fi rainawa, da sunan wai littafin mata ne: "Alhaki Kuykuyo Ne" na Balaraba Ramat Yakubu, da aka buga cikin Hausa a Kano a 1990. Alhaji Abdu, ɗan kasuwa, ya kori uwargidansa Rabi da ƴaƴa tara saboda amarya. Rabi ta kama sayar da abinci ta riƙe ƴaƴanta. Da gobara ta cinye kantinsa, amarya ta juya masa baya, sai aka matsa wa Rabi ta koma. Hausar littafin ta kasuwa ce, ba ado, gobarar ma ta zo da sauƙi kamar an aiko ta. Duk da haka shi ya fi sauran ciwo, domin mai laifin yana cikin zaure, kuma ƙarshen bai share wa Rabi hawaye ba.

Abin takaici shi ne yadda harshe ya raba masu karatu. Littafin da ya tuhumi ma'aikaci an rubuta shi da Faransanci, wanda yawancin talakan da aka ci wa hatsi ba su ji. Wanda ya tuhumi ɗan kasuwa kuwa an bar wa matan gida. Ya kamata gidajen rediyon Maraɗi, Damagaram da Tawa su karanta na Amadu Usman cikin Hausa, maigida kuma ya ari na Balaraba wurin uwargida, ya karanta har shafin ƙarshe.