Kunkurun Arewa a Ƙasar Kurmi

Daga cikin halittun da ɗan Adam yake ajiyewa a gida, da wuya a sami masu wuyar sha'ani kamar masu jan ciki, watau dangin kunkuru da damo da ƙadangare da hawainiya. Akuya in ta ji yunwa takan cika gida da kuka, kaza in mura ta kama ta takan yi tari kowa ya ji, amma kunkuru ko ciwon ajali ne ya same shi ba zai ce uffan ba. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, to ina mutum zai ga fuskar wanda da ya ji motsi sai ya janye kansa cikin ƙoƙo? Saboda haka duk wanda ya ɗauki nauyin irin wannan halitta tilas ne ya nemi wata hanya ta jin abin da ke damunta. Shekaru huɗu ke nan ina kiwon kunkuru a garin Ibadan, kuma hanyar da na samu ita ce ta ƙananan na'urori guda biyu: ma'aunin zafi da ma'aunin laima.

Asalin abin shi ne, jikin mutum da na akuya da na tsuntsu suna hura wutar kansu daga abincin da suka ci. Mutum mai lafiya ko yana Jos a tsakiyar hunturu ko yana Sakkwato a tsakiyar bazara, zafin jikinsa ba ya nisa da digiri 37 a ma'aunin Selsiyos. Masu jan ciki kuwa aron zafi suke yi daga rana da dutse da ƙasa. Shi ya sa mai karatu yake ganin ƙadangare a kan katanga da hantsi yana gyaɗa kai. Sai jikinsa ya ɗumama tukuna zai iya gudu, ya kama ƙwaro, cikinsa ya narkar da abin da ya ci. In rana ta take sai ya koma inuwa. Ƙadangaren da ke sake shi yake auna wa kansa zafi, yana kai da kawowa tsakanin rana da inuwa daga safe har faɗuwar rana. Ranar da aka kama shi aka sa a akwati, an raba shi da wannan zaɓi, zaɓin ya koma hannun mai akwatin ko ya sani ko bai sani ba.

Kunkuruna irin na Sahel ne, wanda masana ke kira sulkata. Ana samun irinsa daga Senegal da Mali, ta Nijar da arewacin Nijeriya da Cadi, har Sudan da Habasha. Shi ne mafi girma a kunkurayen tudu na doron Afirka, a duniya kuwa na tsibiran Galafagos da na Aldabra kaɗai suka fi shi. Wani direban motar shanu ne ya kawo guda biyu daga arewa, kowanne bai fi tafin hannu ba, ya ba 'ya'yan wani ɗan uwanmu a unguwar Sabo tsaraba. Mutanen gidan suka ɗauka kunkuru da ƙififiya duk ɗaya ne, suka ajiye su a bakin makwarara a kan jiƙaƙƙen siminti. Kafin damina ta raba, ɗaya ya daina cin abinci, idanunsa suka kumbura, kumfa na fita ta hancinsa, bai yi mako biyu ba ya mutu. Na roƙi uwar gidan ta ba ni ɗayan. Ta ce, "Malam, ɗauke shi, mu ma haƙƙinsa muke tsoro." Na sa masa suna Baƙo. Hausawa dai sun ce baƙo raɓa ne, amma wannan baƙon irinsa kan haura shekara 70, don haka ƙila shi zai ga tafiyata.

Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Abu na farko da ma'aunin zafi ya koya mini shi ne fatar mutum ba shaida ba ce a shari'ar kunkuru. Ni ina tsaye, kaina ya kusa mita biyu daga ƙasa, ga riga a jikina, ga wutar jikina tana ci. Shi kuwa cikinsa a manne yake da ƙasa. A wata safiya ta watan Agusta na rataya ma'aunin a bango ya nuna 26, na sauke shi na kwantar a kan siminti a inuwa ya sauka zuwa 22. Digiri huɗu ba komai ba ne a wurin mutum, amma a wurin ɗan kunkuru su ne tsakanin cin abinci da ƙin ci. Tun daga ranar, a daidai tsayin bayansa nake aunawa, kuma a wuri biyu.

Dalilin wuri biyun shi ne, masu kiwon waɗannan halittu ba zafi guda ɗaya suke nema wa akwati ba. Suna so gefe ɗaya ya yi zafi, ɗayan ya yi sanyi-sanyi, don dabbar ta riƙa zaɓa kamar yadda take yi a daji. Ga irin Baƙo, wurin shan ɗumi yakan kai wajen digiri 35, gefen inuwa kuma ya tsaya wajen 26 ko 27, da dare kuma ba a so ɗan ƙarami ya kwana a ƙasa da 24, balle in akwai danshi. Kafinta ya haɗa mini doguwar akwati ta katako, na ɗora ta a kan bulo don ta rabu da siminti, na zuba ƙasa gauraye da yashi, na kafa ƙwan lantarki mai zafi a gefe ɗaya a saman wani faffaɗan dutse. A ɗaya gefen na kifa fasasshiyar tukunyar ƙasa ta zama masa rami. In na duba da safe na same shi a kan dutsen ya miƙe wuya da ƙafafu, da azahar kuma ya shige tukunya, na san lissafi ya yi daidai. In ya wuni a ƙarƙashin ƙwan bai gusa ba, akwatin ta yi sanyi ke nan. In kuma ya wuni yana tonon kusurwar da ta fi nisa da ƙwan, zafi ya yi yawa.

Batun laima ya fi na zafi rikitarwa, domin ido ba ya ganinta. Laima ita ce tururin ruwan da ke cikin iska, kuma ana faɗin ta da kashi cikin ɗari na iyakar abin da iskar za ta iya ɗauka a wannan zafin. Iska mai ɗumi ta fi mai sanyi ɗaukar ruwa: a digiri 20 mita ɗaya ta kowace fuska ba ta ɗaukar fiye da giram 17, a digiri 30 kuwa takan ɗauki giram 30. Wannan ne ya sa in dare ya yi iska ta huce, laima takan hau ko ba a zuba ko ɗigon ruwa ba, har raɓa ta sauka a kan ciyawa. Bahaushe ya daɗe da sanin aikin laima ko bai raɗa mata suna ba. Randa tana sanyaya ruwa a Kano domin busasshiyar iska tana shanye gumin da ke tsattsafowa ta jikinta, tana tafiya da zafi. A kan wannan hikima ce Muhammad Bah Abba ya yaɗa tukunya cikin tukunya a Jihar Jigawa don adana kayan miya, har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Ka kawo randar nan Ibadan da damina, ruwanta ba zai yi wani sanyin kirki ba, don iskar ta riga ta ƙoshi.

Tsohon ma'aunin laima a kan wannan ƙa'ida aka gina shi. Ma'aunin zafi ne guda biyu a jere, an naɗe gindin ɗaya da jiƙaƙƙen ƙyalle. In busasshen ya nuna 30, jiƙaƙƙen ya nuna 28, laima ta kusa kashi 86. In jiƙaƙƙen ya sauka zuwa 20, laima ba ta fi kashi 40 ba. Yanzu akwai ƙananan na'urori masu batir da suke nuna zafi da laima a lokaci guda, sai dai masu araha sukan yi ƙarya. Hanyar kama su kuwa tana cikin madafa. A zuba gishiri a murfin kwalba, a ɗiga masa ruwa ya jiƙe amma kada ya narke, a rufe shi tare da na'urar a cikin roba mai murfi ya kwana. Iskar da ke kan jiƙaƙƙen gishiri a kashi 75 take tsayawa. Tawa ta nuna 70, saboda haka duk abin da ta faɗa nakan ƙara mata biyar.

Mai karatu zai iya cewa tun da Baƙo ɗan Sahel ne, ai bushewa ce maganinsa. Haka masu kiwo da yawa a Turai da Amurka suka ɗauka shekaru da dama, suka riƙa renon 'ya'yan kunkuru a busassun akwatuna, bayansu ya riƙa fitowa tudu-tudu kamar an jera dalar gyaɗa. A shekarar 2003 wasu masana biyu a jami'ar likitancin dabbobi ta birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, Wiesner da Iben, suka wallafa binciken da suka yi a kan 'ya'yan wannan kunkuru, inda suka gano cewa waɗanda aka rena a busasshiyar iska su suka fi yin wannan tudu. In an duba rayuwarsa a daji abin ba zai ba da mamaki ba. Kunkurun Sahel ba ya zama a fili yana shan ranar bazara. Yakan haƙa rami mai tsawon mitoci ya shige, inda ƙasa ke da sanyi da danshi, ya fito kiwo da sassafe ko da la'asar. Laimar da ke bakin hancinsa a cikin rami daban take da wadda matafiyi yake ji a kan hanyar Nguru.

Ashe ke nan danshi shi kaɗai bai kashe ɗan uwan Baƙo ba. Haɗuwar danshi da sanyi ce ta kashe shi, domin a jikin da ya huce garkuwar jiki takan yi rauni, ciwon huhu ya sami ƙofa. Danshi mai ɗumi kuwa alheri ne ga ƙaramin kunkuru. Wannan fahimta ce ta tsara mini aikin shekara. Daga Yuni zuwa Satumba, lokacin da laimar safiya a nan take haura kashi 85, ga hadari ya rufe rana, hankalina yana kan zafi: in kunna ƙwan, in sauya ƙasar da ta jiƙe, in bar iska tana ratsawa. A Disamba da Janairu, in hunturu ya leƙo kurmi laima ta faɗi, sai in riƙa yayyafa ruwa a cikin tukunyarsa, in kuma tsoma shi a ruwa mai ɗumi wanda bai wuce haɓarsa ba na minti goma sha biyar. Daren da aka ɗauke wuta nakan cika gora da ruwan zafi, in naɗe da tsumma in ajiye a gefen tukunyar. Duk ranar da rana ta fito kuma nakan fitar da shi tsakar gida, domin hasken da ke sa jiki ya sarrafa sinadarin ƙashi ba ya ratsa gilashin taga, kuma in babu shi ƙoƙon yakan yi laushi.

Akwai littafin rubutu na 'yan makaranta a gefen akwatin. Sau uku a rana, bayan asuba da azahar da kafin barci, nakan rubuta lambobi uku: zafin dutse, zafin inuwa, da laimar cikin tukunya. Ranar Juma'a kuma in ɗora shi a sikelin awon fulawa. Abokan zamana sun mai da abin na raha. Wani malami a sashenmu yakan tare ni ya ce, "Malam, yaya mai gidan naka, an yi awon safe?" Ni kuwa nakan ba shi labarin Madeleine Charnier, wadda a shekarar 1966 a birnin Dakar ta gano cewa zafin da ƙwan ƙadangare ya kwanta a ciki yana da hannu wajen fitowar namiji ko mace, kuma ƙadangaren da ta yi aiki da shi wannan dai namu ne mai jan kai. Daga baya aka tabbatar da haka a kada da kunkuraye da yawa, inda a kunkuru ɗumi mai yawa yakan ba da mata. Halittar da digiri biyu ko uku ke yanke mata hukunci tun tana cikin ƙwai, bai kamata a bar ɗakinta a hannun kintace ba.

Ban rubuta wannan don in kwaɗaita wa kowa kiwon kunkuru ba. Irin Baƙo yana ƙarewa a daji saboda gonaki da garken dabbobi sun cinye masa makiyaya, ga kuma masu kamawa suna sayarwa. Tun shekarar 2000 yarjejeniyar CITES ta hana fitar da waɗanda aka kamo daga daji zuwa ƙetare don ciniki, kuma ƙungiyar IUCN ta sa shi cikin halittun da ke fuskantar barazanar ƙarewa. Duk wanda ya saya a bakin hanya ya ba mai kamun kuɗin komawa daji. Amma na san a Sabo da Agege da Fatakwal akwai gidajen da kunkuru ya riga ya shigo, yana kwance a bayan randa ko a gindin famfo, yara na hawa bayansa. Ga masu irin waɗannan gidaje shawarata ita ce a ɗauke shi daga kan siminti, a ba shi wurin rana da wurin ɓuya, a ciyar da shi ciyawa da ganye, a sayi ma'auni a kwantar a inda yake kwanciya. Kuɗin na'urar bai kai na kaza ɗaya ba. In kuma aka ga kumfa a hancinsa ko ya kwana uku bai ci ba, a ɗumama shi a garzaya wurin likitan dabbobi a ranar.