Kalmar da ta hana Inna barci

Saƙon ya iso Maraɗi bayan sallar isha'i, daga babban ɗan gidan, wanda ya shekara shida yana tuƙin tasi a birnin New York. Kalma biyu ce kacal, da Ingilishi: I goofed. Ƙanwarsa, da Faransanci ta yi karatu, Ingilishinta kuwa na aji ne, ta duba ƙamus a wayarta, ta juya ga mahaifiyarsu ta ce, "Inna, Yaya ya ce ya yi laifi." Suka kira, yana kan hanya, bai ɗauka ba. Tsohuwa ba ta runtsa ba daren nan, domin a kunnenta laifi a ƙasar mutane tafe yake da ɗan sanda da alƙali.

Da gari ya waye aka ji zancen. Wajen aiko kuɗin cefane ne ya rubuta lamba ɗaya ba daidai ba, kuɗin suka makale kwana biyu.

Goof kalma ce ta hirar yau da kullum a Amurka, ba ta shiga takardar kotu. Da ita ake kiran mutum wawa ko shashasha cikin raha, kuma daga gare ta sunan Goofy ya fito, karen nan na zanen Disney da ya fara bayyana a 1932. In ta zama aikatau, nufinta ƙaramin kuskure na sakaci, irin wanda mai shi kan faɗa yana yi wa kansa dariya.

Hausa ba ta rasa abin da za ta tare ta da shi ba, sai dai kowace kalma da nauyinta. Laifi yana neman hukunci ko yafiya. Kuskure ya yi daidai, amma ba shi da murmushi, kuma in aka ce "ya tafka kuskure" abin ya girma. Katoɓara galibi ta baki ce, a bainar jama'a; suɓul da baka ya fi ta sauƙi. "Na kwafsa" ta matso kusa ƙwarai. "Na yi shirme" ita ma ta dace, tunda tana ɗauke da wautar da ke cikin asalin kalmar.

Da ƙanwar ta mayar wa Inna bayani, cewa ta yi, "Shirme Yaya ya yi." Inna ta ja tsaki, ta ce tun yana yaro haka yake, ta shiga ɗaki ta kwanta.