Sabon Gari: Abin da Ruwa Ya Koya wa Maraɗi

Wanda ya shiga Sabon Gari a Maraɗi zai ga tituna miƙaƙƙu, da kantuna, da ƴan kasuwa. Unguwar tana bisa tudu. Akwai dalili.

Maraɗi ta da tana ƙasa, cikin fadamar Gulbi. A shekarar 1945 Gulbi ya yi ambaliya, ya rushe garin. Sai aka tayar da mutane, aka maido su bisa tudu. Nan gari ya yi ta bunƙasa, har aka sami unguwanni irin su Sabon Gari.

Daga ina wannan ruwa yake zuwa? Gulbi yana tasowa daga ƙasar Katsina, a Najeriya. Ya ratsa Jibiya, ya shigo yankin Madarunfa, ya bi ta Jiratawa inda ake noman rani, ya wuce Maraɗi da Tibiri, kana ya koma Najeriya. Da rani yashi ne kawai. Da damina kuwa, ana iya yin ruwa can kudu, nan ko ɗigo babu, amma cikin dare Gulbi ya ciko. A watan Yuli na 2018 ambaliya ta kashe mutane fiye da 40 a Jibiya, ta tafi da dabbobi masu yawa.

To, hawa tudu ya raba Maraɗi da haɗari? A'a. Ranar 30 ga Agusta 2024 an yi ruwa kamar milimita 150 cikin awa ɗaya da rabi a birnin. Mutum 15 suka rasu. Gidajen laka sun faɗi. Wannan karo ruwan sama ne ya rasa hanyar wucewa. In magudana ta cika da leda da yashi, ruwa sai ya shiga gida, ya jiƙa gindin bango, bango ya zube.

Saboda haka shiri tun rani ake yin shi.

Mai gida ya yi yaɓe, ya gyara indararo, ya tsaga wa ruwa hanyar fita. Ƴan unguwa su yi gayya su yashe magudana. Kada a gina ɗaki ko rumbu a hanyar ruwa, ko da filin ya yi araha. Takardun haihuwa da na gona a sa su cikin leda, a rataye sama.

Makiyayi kada ya kwana da bisashe cikin Gulbi da damina. Kada a tura yara ƙetare ruwa mai gudu.

In bango ya tsage ko ya jiƙe, a fitar da yara da tsofaffi tun ba a kwanta ba. A riƙa sauraron labarin yanayi a rediyo. Lambar ƴan kwana-kwana ita ce 18.

Mutanen Jiratawa da na Tibiri ruwa ɗaya suka haɗa da Maraɗi. Wanda ya ga Gulbi yana hauhawa, ya gaya wa na gabansa. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.