Kagarar Salahuddini a Alƙahira

Larabawa na kiranta Ƙal'a, kalmar da ta fi kusa da ita a Hausa kuwa ita ce kagara, wato wuri mai ganuwa da aka gina domin tsaro. Tana zaune a kan wani tudu a gindin dutsen Muƙaɗɗam, ta yadda mai tsaye a cikinta yake hango birnin Alƙahira shimfiɗe a ƙarƙashinsa.

Sarki Salahuddini ne ya sa aka fara gininta a shekarar 1176, amma bai taɓa zama a cikinta ba. Yaƙe-yaƙen ƙasar Sham sun ɗauke shi har ya rasu a Dimashƙa a 1193. Ɗan ɗan'uwansa, Alkamil, shi ne ya fara mayar da ita fada, daga nan ta zama mazaunin masu mulkin Masar na kusan shekara 700. A nan Mansa Musa na Mali ya gana da Sarki Annasir Muhammad a 1324, kan hanyarsa ta zuwa aikin Hajji.

Sai dai baƙon da ya shiga a yau yakan fito bai ga Salahuddini ba. Abin da ke cika masa ido shi ne masallacin Muhammadu Ali mai ƙubbobi da dogayen hasumiyoyi irin na Turkawa, wanda aka fara ginawa a 1830. A nan jama'a ke cincirindo suna ɗaukar hoto, da yawansu na zaton aikin Salahuddini ne, alhali tsakaninsu ya haura shekara 600. Muhammadu Alin nan shi ne ya gayyaci shugabannin Mamluk biki a kagarar a 1811, ya sa aka rutsa su a wani lungu aka hallaka su. Sannan ya rushe fadojinsu ya aza masallacinsa a gurbinsu.

Aikin Salahuddini ba shi da ado: ganuwar dutse ce, da rijiya. Rijiyar Yusufu, kamar yadda ake kiranta, an sassaƙa ta ne a cikin dutse, zurfinta ya kusa mita 90. Hawa biyu aka yi ta, shanu na gangarawa ta wata hanya mai kewaye zuwa tsakiya, suna juya na'urar ɗebo ruwa. Maginan sun san cewa ƙishirwa kan ci kagara tun kafin maƙiyi ya fasa ƙofarta, shi ya sa suka sha wannan wahala.