Tafin Ƙafa a Shimfiɗe

Nawa tafin ƙafar a shimfiɗe yake tun ina yaro. In na yi alwala na taka siminti, sawuna kan fito cikakke, babu ɗan kwarmin nan na tsakiya. Bai taɓa damuna ba sai da girma ya zo, tsayuwar kasuwar Sabon Gari ta fara bar mini zafi a diddige da idon sawu.

Likitoci sun ce kowane jariri haka ake haifarsa, kwarmin kan fito a hankali daga baya. Wani bincike da aka buga a 1992 kan yara 2,300 a Indiya ya nuna masu yawo ba takalmi sun fi samun kwarmin. Shi ya sa nake tausaya wa iyayen da hankalinsu kan tashi su kashe kuɗi a kan ƙafar ɗansu da ba ta ciwo.

Shimfiɗar da ake sawa cikin takalmi ta taimake ni, amma ba ta sauya halittar ƙafata ba. Zafi kawai take ragewa. Na daina doguwar tafiya da silifa, na koma takalmi mai ƙarfin diddige, kullum da safe kuma ina dafa bango in miƙe sharaɓa.

Wanda ƙafarsa ɗaya ce ta zube daga baya, ko ta kumbura, ko yana da ciwon suga, ya tafi asibitin koyarwa na Shika a duba shi.