Regilata da Zafin Arlit

A Arlit, in fitilar babur ta fara dushewa, kowa batir yake zargi. Sau da yawa batirin ba shi da laifi. Ɗan akwatin nan ne mai haƙarƙarin alminiyam, regilata, wanda ke karɓar wutar da bobin ke haifarwa, ya daidaita ta wajen bolt 14 kafin ta isa batir. Aikin nan zafi yake tara masa, iska kaɗai ke kwashe shi. To, ina iska mai sanyi a watan Mayu, ga ƙura ta toshe haƙarƙarin?

Nawa a hanyar Akokan ya ƙone. Bakaniken da na kai wa ya auna, ya ce, "Malam, wannan ba ya gyaruwa, sai sabo." Tsohon ma'aikacin ma'adinai ne. Tun da aka rufe mahaƙar Cominak a 2021 ya koma kan babura, kuma natsuwar aikinsa ta taɓa ni ƙwarai. Bai ɗaura sabon ba sai da ya auna bobin, ya kankare tsatsar wayoyi, ya matsar da mazaunin regilatan inda iska ke bugawa. Mai kabu-kabu da ke jiran layi bayana, abincin gidansa na ranar yana rataye da irin wannan kulawa.