Wane Darasi Ya Fi Wuya?

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka taimake ni da ɗan fili a cikin jaridarka mai farin jini, in faɗi albarkacin bakina a kan wata gardama da ta kan tashi a nan ƙasarmu ta Makarfi da Ikara da Kudan duk shekara, in sakamakon jarrabawar WAEC ya fito. Gardamar kuwa a kan ajin nan ne na share fagen shiga jami'a, wanda a ke kira IJMB, inda yaro ya ke zaɓen darussa 3 kurum, ya yi musu karatu mai zurfi kamar shekara guda, in ya ci a ɗauke shi jami'a a aji na biyu. Da ya ke ni akawu ne, iyayen yara su kan kawo mini takardun neman shiga in cika musu, tambayarsu kuwa ba ta wuce ɗaya ba, watau, "Malam, wanne ya fi sauƙi?" Ban ga laifinsu ba ko kaɗan. Mutumin da ya sayar da rakensa tun yana tsaye a fadama, ko ya kwashi mazarƙwailar shekara ya kai kasuwa domin ya biya wa ɗansa kuɗin makaranta da na ɗaki da na abinci, ba ya so a ce masa sai an sake wata shekara.

Wannan karatu na tsakanin sakandare da jami'a ba baƙo ba ne a ƙasarmu. Kwalejin Katsina da Gwamna Clifford ya buɗe a 1922 ita ce ƙolin karatun boko a Arewa a zamaninta. Aka mai da ita Kaduna a 1938, sa'an nan Zariya a 1949, ita ce ta zama Barewa a 1971. Daga baya manyan kwalejoji irinta suka sami aji na shida, inda a kan yi shekara biyu ana shirin jarrabawar HSC. Da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, sai aka ga 'yan Arewa masu wannan takarda ba su da yawa, saboda haka a zamanin Dokta Ishaya Audu, wanda ya shugabanci jami'ar daga 1966 zuwa 1975, aka kafa makarantar share fage a cikinta, a 1976 kuma aka kafa hukumar IJMB. Da tsarin 6-3-3-4 ya shigo a 1982, aji na shida ya yi ta ja da baya a makarantun gwamnati, har nauyin ya koma kan makarantun share fage irin ta Funtuwa da ta Kano. A jarrabawar nan wanda ya sami A yana da maki 5, B maki 4, haka har zuwa E mai maki 1. A ɗin Hausa da A ɗin Fizik duk 5 ne, to, nan gardama ta samo tushe.

Wasu su kan ce a ƙidaya waɗanda suka ci, darasin da aka fi faɗuwa shi ya fi wuya. Wannan ma'auni ba shi da gaskiya, gama ba irin yara ɗaya ke shiga kowane darasi ba. A Ingila akwai darasin babban lissafi wanda fiye da rabin masu zaunawa su ke samun A ko abin da ya fi, ba don yana da sauƙi ba, sai don ba mai kusantarsa sai gwani. A Amurka kuma, inda su ke da irin wannan jarrabawa tun 1955, mai maki 1 zuwa 5, harshen Sin yana cikin darussan da aka fi cin 5, domin da yawa daga masu zaunawa da shi aka yi musu rawar goyo. A 2008 masanan Jami'ar Durham ta Ingila suka bi wata hanya da ta fi wannan hankali. Suka dubi yaro ɗaya, suka gwada abin da ya samu a wannan darasi da abin da ya samu a wancan, suka yi haka ga yara masu yawan gaske. Suka tarar darussan kimiyya da lissafi sun fi waɗansu darussan wuyar ci, har bambancin ya kan kai harafi guda ko fiye. Na yarda da wannan. Amma fa a tuna an yi awon nan ne a ƙasar da kusan kowace makaranta ke da ɗakin gwaje-gwaje, Turanci kuma shi ne harshen gida. Yaron Nasarawan Doya ba daga nan ya taso ba.

Ni kaina na zauna ajin nan a wata kwaleji, na ɗauki Tarihi da Adabin Turanci da Hausa, abokan ɗakina biyu kuwa 'yan kimiyya ne, saboda haka na ga wahalar kowa da idona.

In an bar ni da ra'ayina, Fizik shi ne babba. Dalilina shi ne yana ɗauke da nauyi biyu. Yaro ba zai fahimci gudun abu da faɗuwarsa, da tafiyar lantarki, da motsin igiyar sauti, a yadda a ke so a wannan aji ba, sai ya iya lissafin nan na sauye-sauye da a ke kira kalkulas, wanda Newton da Leibniz suka fito da shi a ƙarni na 17. Shi kuwa a darasin ƙarin lissafi na sakandare a ke aza harsashinsa, makarantunmu na ƙauye kuma ba kowacce ke da malaminsa ba. Sai ka ga yaro ya zo da takarda mai kyau, ya haddace cewa abin da aka sako daga sama gudunsa yana ƙaruwa da mita 9.8 a kowace daƙiƙa, amma da an juya tambayar kaɗan, an ce an jefa dutsen ne a karkace daga kan soro, sai ya tsaya yana cizon alƙalami. Hadda ba ta ceto a nan. Lissafi da Fizik kamar ginin tubali su ke, in jeri na uku ya karkace, duk abin da aka ɗora a kai sai ya bi shi.

Kemistiri shi ke biye, wuyarsa kuwa iri dabam ce, gama rabinta a hannu ta ke. Akwai gwajin da a ke cika wani bututun gilashi mai ma'auni da ruwan asid, a riƙa ɗiga shi cikin wani ruwa har launi ya juya. Ɗigo ɗaya ya wuce, aikin ya ɓaci, duk lissafin da zai biyo baya ya ɓaci tare da shi. Yaron da ya yi makarantar birni ya yi wannan sau da yawa har hannunsa ya faɗa. Namu kuwa, da dama cikinsu sai ana saura mako guda jarrabawa su ka fara ganin bututun, wani ma a zanen allo kaɗai ya san shi. Na ga ɗaya daga abokan ɗakina, yaro mai kaifin ƙwaƙwalwa wanda ba a kayar da shi a lissafin takarda, hannunsa na rawa a kan famfon nan kamar mai zazzaɓi. Sai da ya yi wata uku kafin ya daidaita. A karatun shekara guda wata uku ba wasa ba ne.

Bayoloji, watau ilmin halittu, ba zan daɗe a kansa ba. Yawa ne wuyarsa, da baƙin sunaye. Ɗan manomin da ya san rake tun daga ido har saiwa, dole ya koyi kiransa Saccharum officinarum, masara kuma Zea mays, ya zana abin da ya gani a madubin likita, ya feɗe ɓera ba tare da ya huda hanji ba. Mai naci da tsabtar hannu ya kan ci, musamman almajirin da ya saba da tilawa.

Yanzu in zo kan namu, waɗanda 'yan kimiyya su ke yi wa dariya suna cewa karatun masu hutu. A ƙaramin aji a kan tambaye ka wace shekara Malam Musa ya ci Zazzau, ka ce 1808, ko wace shekara Abu Ja ya kafa Abuja, ka ce 1828, an gama. A wannan aji ba mai tambayarka shekara. Za a ce ka faɗi dalilin da ya sa sarautar Haɓe ta faɗi, ka auna abin da ya shafi addini da abin da ya shafi haraji da jangali da rikicin gidan sarauta, ka tsaya a kan ra'ayi ɗaya ka kare shi, duka da Turanci, cikin abin da bai kai sa'a guda ba. Mu da muka fito makarantar Mishan, inda a ke cin tarar wanda ya yi Hausa a aji, mun sami sauƙi ta wannan gefe. Amma na san yara da su ka fi ni sanin tarihin nesa ba kusa ba, in suna bayani da Hausa sai ka saki baki, da an ba su takarda sai Turanci ya ɗaure musu hannu. Irin waɗannan ba Tarihi ya kayar da su ba.

Hausa kuwa, kai, nan ne ramin da aka rufe da ciyawa. Uba ya kan ce, "Sa masa Hausa, ai harshen uwarsa ne." Yaro ya shiga da murna, sai ya tarar ana tambayarsa azuzuwan aikatau 7 da Parsons ya tsara a 1960, da tsayin wasali, da karin sauti. Ga misali a kan maganarmu: wuya na jiki da wuya ta wahala rubutunsu ɗaya ne, amma na farko murya ta kan fara sama ta sauko, na biyu ta fara ƙasa ta hau. Kowane Bahaushe yana faɗinsu daidai tun yana yaye, amma ce masa ya sa alama a kan kowace gaɓa ka ga aiki. Bargery, wanda ya wallafa babban ƙamusunsa a 1934, shekaru ya yi yana fama da irin wannan. Bayan haka ga awon rubutacciyar waƙa, a yanka baiti gaɓa-gaɓa a gane bahrinsa, wanda ya ke a kan arulin Larabci. Nan ɗan makarantar zaure ya kan wuce mu 'yan Mishan fintinkau, kamar yadda ya ke wuce kowa a darasin Larabci in ya riga ya taɓa nahawu da sarfu a gaban malaminsa. Ban ce Hausa ta kai Fizik wuya ba, kada wani ya ɗauke ni haka. Abin da na ce shi ne, cin E a Hausa yana da sauƙi, cin A kuwa sai wanda ya zauna mata, mai raina ta kuma da maki 1 ya kan koma gida.

Har wa yau akwai abin da iyaye su kan manta. Jami'a ba jimlar maki kaɗai ta ke dubawa ba, tana duban a wane darasi aka same su. Mai son likita ba makawa sai Fizik da Kemistiri da Bayoloji, mai son injiniya sai Lissafi da Fizik da Kemistiri. Wanda ya gudu daga waɗannan don neman sauƙi, ko ya tara maki iyaka, ƙofar nan ba ta buɗe masa. Wanda kuma aka tura cikinsu don kurum uba yana so a ce ɗansa likita ne, alhali tun aji huɗu lissafi ke ba shi kashi, an sa shi noman rake a tudu. Saboda haka in uba ya kawo mini takarda, na kan ce ya zo da yaron, in tambaye shi abu uku: ko an koya masa ƙarin lissafi, ko ya taɓa yin gwaji da hannunsa, ko kuma zai iya cika shafi biyu da Turanci a kan abin da na ba shi yanzu-yanzu. Daga amsarsa mu ke zaɓe. Wasu iyayen su kan tafi ransu a ɓace, su kai wa wani akawun.

Roƙona ga hukumomin ilmi na ƙasarmu shi ne, tsakanin gama WAEC da buɗe ajin share fage akwai watanni da yara su ke zaune a gida. Da za a buɗe ɗakin gwaje-gwaje guda ɗaya mai kaya a Makarfi, ɗaya a Ikara, ɗaya a Hunkuyi, a sa malamin lissafi da na Kemistiri su riƙa zama ko da kwana biyu a mako, da yaranmu sun shiga ajin nan hannunsu a faɗe. Samarinmu da ke karatu a Samaru su ma in sun zo hutu su taimaka. Malaman kimiyya masu karanta jaridar nan kuwa, wanda ya ga na sa Kemistiri a bayan Fizik ba bisa ƙa'ida ba, ga fili ga mai doki, ya rubuto mu ji hujjarsa.

Haza wasalam.

Ni ne naka,
Wani Akawu,
Nasarawan Doya.